Wa Ya San Aminullahi a Kebbe?

Tambuwal, bayan Babbar Sallah

Zuwa ga taubashina Malam Almu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun yi Sallah lafiya, kai da iyali da shanu. Na sa shanun da wuri ne don na san in ban gaishe su ba, ba za ka karanta sauran ba. Yaya Khadijat da ciwon ƙafarta? Mu nan lafiya lau, sai hawan jinin nan da ke motsawa duk ranar da na hau babur. Na gaji da neman wayarka, aka ce ƙarfen sabis ɗinku ya lalace tun kafin azumi. Shi ya sa na koma ga takarda, Ɗangiwa direba zai kawo maka.

Albishirinka. Aminullahi ya kusa samun aikin da muka daɗe muna roƙo. Tun da ya gama makarantar tuƙin jirgin sama a Zariya kake yi mini gori, wai yaro da lasin a aljihu amma ba aiki. Na sha gaya maka lasin kaɗai ba ya sa a ba mutum jirgin fasinja, sai ya tara awoyi a sama. Abin da ya zaunar da shi can ke nan, yana koya wa 'yan baya a ƙaramin jirgi. To yanzu awoyin sun cika, wani kamfani a Legas ya kira shi. Sun yi masa jarrabawar takarda da ta Turanci, likita ya duba ido da kunne da zuciya da jini. Har sun rufe shi a wani ɗaki mai girgiza kamar jirgin gaske, suka kashe masa inji ɗaya don su ga ko zai rikice, bai rikice ba. Za su ɗauke shi mataimakin matuƙi, horon zai fara bayan Maulidi.

Abu ɗaya ya rage, kuma a hannunka yake. Ba sa damƙa rayukan mutane ga wanda ba su san ɗan waye ba, don haka za su turo mutum Kebbe ya binciki asalinsa. Ya rubuta musu cewa ubansa marigayi Haliru ƙanenka ne, uwarsa Khadijat tana gidanka, kai ne baffansa. In baƙon ya zo, a shimfiɗa masa tabarma, a dama masa fura, a gaya masa gaskiya. Tun yaron nan yana shekara biyar na ɗauko shi riƙo, ban taɓa roƙonka komai a kansa ba sai wannan. Kada ka tsare mutum da labarin farashin dusa.

Taka,
Saudatu


Kebbe, cikin watan Muharram

Zuwa ga Malama Saudatu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ruwa ya zauna, gero ya yi kai, sai dai hanya ta ci ƙaniyarta, ko babur da ƙyar yake ƙetare rafi. Khadijat ƙafa da sauƙi. Na ji shiru daga wajenki tun kafin Sallah, ko gaisuwar Sallah babu. Ba mamaki, wanda ya haɗa dangi da masu tashi sama ba ya cika duban ƙasa.

Wani abu ya faru da ya hana ni sukuni, shi ya sa na ba wani mai zuwa kasuwarku wannan takarda. Makon jiya wani mutum ya zo a bayan ɗan acaba. Wandon Turawa, jaka a kafaɗa, Hausarsa irin ta bariki. Bai bi ta wajen mai unguwa ba, kai tsaye ƙofar gidana ya sauka, har yana ɗaukar hoton zaure da waya. Na ce masa, “Wa kaka biɗa?” Ya ce gidan su Aminullahi Haliru mai tuƙin jirgi. Ya shiga jero tambaya: wa ya haife shi, su wa yake hulɗa da su, yaushe rabonsa da gida, ina uwarsa take kwana.

Kin san abin da ya sami gidan Atu bara. Haka wani ya zo da ladabi yana tambayar ɗansa mai aiki a birni, ba a yi wata ba aka zo aka ɗauke tsohon. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi. Na ce masa, “Nan gidan manoma na. Ba mu san wani mai jirgi ba. Ka yi ɓatan kai.” Na ƙyafta wa maƙwabta ido, su ma kowa ya ce bai san shi ba. Ya yi rubuce-rubucensa ya tafi. Infoma ne, ko shakka ba na yi.

Yanzu ina tambayarki, wa ya gaya wa duniya muna da matuƙin jirgi? An ce mini kin rataye hotonsa da farar riga da hula a shagon atamfarki, duk wadda ta zo sayen turmi ɗaya sai ta sha labari kafin ta fita. Baki shi ke yanka wuya, Saudatu. Ke kina cikin gari kusa da jami'an tsaro, mu muna bakin daji. Ki sauke hoton nan, ki kuma gaya wa yaron kada ya zo gida bana.

Naki,
Almu


Tambuwal, ƙarshen Muharram

Malam Almu,

Na amsa sallama don wajibi ce. Lafiyata kuwa, kada ka tambaya, tun da na karanta takardarka nake shan ƙwaya biyu maimakon ɗaya.

Infoma? Mutumin kamfani ka kora! Shi ne wanda na rubuto maka takanas na ce ka shimfiɗa masa tabarma. Na tare Ɗangiwa a tasha, ya rantse wai motarsa ce ta maƙale a rafi, ta yi makonni a gareji da takardata a cikin aljihun gaban motar. Na ji shi. Amma Ɗangiwa surukin abokinka ne, kuma biri ya yi kama da mutum. A ce duk takardun da na taɓa aiko maka ba wadda ta ɓata, sai wannan?

Bari in tuna maka, tunda kai ka manta. Kai ka ce karatun jirgi ɓata yaro ne. Kai ka ce ɗan Haliru ya kamata ya dawo ya karɓi sandar ubansa, don naka 'ya'yan sun watse birni sun bar ka da garke. Ranar da ya karɓi lasin kowa ya yi barka, kai ka ce, “Allah shi sauko da shi lafiya,” ka ci gaba da taunar goro. Yanzu dama ta zo har ƙofar gida, ka yi amfani da ita, ka kuma ɗora wa hoton shagona laifi.

Ga abin da ka jawo. Kamfani sun dakatar da sunansa. Sun kira shi sun ce adireshin da ya bayar ba a san shi ba, suna zargin asalin ƙarya ya rubuta. A aikin nan, in aka shafa wa mutum wannan baƙin fenti, ba wannan kamfani kaɗai ba, kowane ma zai guje shi. In Maulidi ya wuce ba a wanke shi ba, wani za a ba kujerarsa.

Akwai kuma wanda ka ɓoye mini, shi ya fi yi mini ciwo. Mutumin ya gaya musu cewa da zai tafi ya iske mata a bakin rijiya, aka nuna masa Khadijat. Ya tambaye ta ko ita ce uwar Aminullahi, ta juya masa baya ta ce ita ba ta san zancen ba. Uwa! Me ka gaya mata? Da me ka tsorata ta? Yaron nan da yake gaya mini a waya, wannan ne ya fi yi masa zafi.

Saudatu


Kebbe, farkon Safar

Zuwa ga Malama Saudatu,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, Allah ya ba ki sauƙin hawan jini. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso, ta albishir da ta zagi. Ta farkon duk baƙin mai ya ɓata gefenta, na ajiye miki ita ki zo ki shinshina, tunda rantsuwar Ɗangiwa ba ta ishe ki ba.

Na karanta su duka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Amma ba zan ce miki na yi nadamar korar baƙon da ban sani ba, don ko gobe wani ya zo haka yana tambayar inda matar gidana take kwana, korarsa zan yi. In kamfanin nan na gaske ne, me ya hana su bi ta hannun mai unguwa kamar mutanen kirki? Ke ma kin tabbatar da su? Ko dai irin masu yaudarar samari da aikin da babu?

Batun garke gaskiya ne, na so ya dawo, har gobe ina so. Amma son abu daban, cin amana daban. Ɗan Haliru ne. Ni na sa ubansa a kabari.

Na Khadijat kuwa, wallahi ban san sun haɗu ba sai a takardarki. Na aika uwargidana ta tambaye ta, ta ce haka aka yi. Saudatu, zaman gari ya sa kin manta gida? Aminullahi ɗan farinta ne. Tun ranar suna ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. In dole ta kama, sai ta ce “na Tambuwal”. Yana jariri ma, in da mutane a ɗaki ba ta ɗaukarsa, sai ya yi kuka ya gaji wata ta miƙa mata. Kin fi kowa sani, don da kika zo ɗaukarsa ko ƙofar gida ba ta rako ku ba. To wannan matar ce namiji baƙo zai tare a bakin rijiya, gaban sa'o'inta da matan ƙannena, ya ce ke kika haifi wane? Da ta amsa, da har ta mutu ana yi mata waƙa da shi a wajen daka. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya ga ta juya baya, ya san ya sami uwar. Baƙonku ne bai san hannunsa ba.

Ban tsorata kowa ba. Ki nemi wani laifin ki ba ni, wannan ba nawa ba ne.

Almu


Tambuwal, tsakiyar Safar

Malam Almu,

Salamu alaikum. Ina gaishe ku, har shanun. Na ga takardar taka. Batun mai a gefen takarda na bar shi, ba don na gamsu duka ba, sai don ba ni da lokacin shari'a.

Kamfani na gaske ne, malamin da ya koya masa tuƙi can yake aiki. Shi ya shiga ya fita, ya yi musu bayanin halin da ƙauyukanmu ke ciki, suka yarda mutumin ya sake zuwa sau ɗaya. Wannan karon zai bi ta wajen mai unguwa. Amma sun kafa sharaɗi. Maganarka ba za ta yi aiki ba, don sun ce wanda ya ce bai sani ba jiya, ya ce ya sani yau, ba a san wacce za a ɗauka ba. Maƙwabtanka ma haka. Ni kuma sun ce mai riƙo ce, ba ni na haifa ba. Uwar suke so, da bakinta, ta faɗi cikakken sunansa ta ce ita ta haife shi, mutumin ya ɗauki muryar a waya.

Kunyar ɗan fari ba kai za ka koya mini ba, ni ma na yi ta. Amma tawa ba ta kai in ga ɗana zai faɗa rijiya in yi shiru ba. Zan faɗa maka abin da ke raina ko da zai yi ɗaci. Ina zargin ba kunya kaɗai ba ce. Shekara da shekaru ina aika mata hotunansa, ba ta taɓa aiko da ko na gode ba. In na zo Kebbe ta gaishe ni kamar baƙuwa ta shige ɗaki. Anya Khadijat ba ta riƙe ni a zuci ba, cewa na raba ta da ɗanta tana cikin takaba? In haka ne, ta rama a kaina, ga ni. Kada ta rama a kansa.

Shi kuwa ka san abin da ya ce? Ya ce, “Gwaggo, kada a matsa mata. In sai an kunyata ta gaban mutane zan hau jirgi, a bar shi, in ci gaba da koyarwa.” Na ce ya rufe mini baki. Yaron da ya yi shekaru yana cin garin kwaki don wannan rana! Amma na san shi, da gaske yake.

Mutumin zai zo ranar kasuwarku mai zuwa. Ka karanta mata takardar nan duka, kada ka tsallake inda na zarge ta.

Saudatu


Kebbe, ƙarshen Safar

Zuwa ga Malama Saudatu,

Sallama. Kowa lafiya. Zan ba ki labari yadda ya faru, ki yi haƙuri da tsawonsa.

Na karanta mata kamar yadda kika ce, tana bayan labule. Da na zo maganar yaron, cewa a bar jirgin, sai na ji ta tashi ta fita. Har ranar kasuwa ba ta ce za ta yi ba, ba ta ce ba za ta yi ba. Ni kaina na fara zargin ko kin fi ni gaskiya.

Baƙon ya zo da hantsi tare da mai unguwa. Na shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, na ba shi haƙuri. Ya karɓa, amma yana dubana kamar mai sayen saniyar da aka ce ba ta harbi. Na so a yi abin a ɓoye cikin zaure, daga mu sai mu. Ina! Labari ya riga ya zaga. Mata sun cika tsakar gida, wai sun zo aron turmi, turmin da ko ɗaya ba ta ɗauka ba.

Aka kira Khadijat. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, mayafi har ƙasa. Mutumin ya ajiye wayarsa a kan tabarma ya ce, “Mama, kin san Aminullahi Haliru?” Ta ƙara jan mayafi. Ya sake tambaya. Ta ce, “Na Tambuwal? Ɗan gidanga na.” Ya ce a'a, suna yake so, da kuma ko ita ta haife shi. Sai wata daga cikin matan ta yi 'yar dariya. Mai unguwa ya ce ko za a yarda ta ɗaga kai kawai. Mutumin ya ce waya ba ta ɗaukar ɗaga kai. Ya jira, ya jira, ya duba agogo, ya miƙa hannu zai ɗauki wayarsa. Na ce a raina shi ke nan, na kashe ɗan ƙanena da bakina.

Sai ta ce, “Bari.”

Ta yaye mayafin daga fuska, abin da ban taɓa gani ba a zaurena. Ba ta dube mu ba, wayar ta duba. Ta ce, “Suna nai Aminullahi. Aminullahi ɗan Haliru. Ni nah haife shi, ranar Jumma'a, cikin ɗakin can mai ƙofar kara, ana ruwa. Shi na ɗan farina. Yana da tabo bayan kunnen hagu, garwashi yat taɓa shi yana rarrafe, ina kallo, kunya ta hana ni ɗaukar shi sai da wata taz zo. Bai taɓa ƙarya ba. In an ce ba a san shi ba, ni na san shi.”

Mutumin ya ce ya isa, amma ba ta tsaya ba. Ta ce, “A gaya ma Hajiya ta Tambuwal ban riƙe ta ba. Hotunan suna nan ƙarƙashin katifa, kullum sai na duba. In na yi godiya, an ce na yi godiya don ɗana. Mi za ni ce?” Ta ja mayafi ta koma ɗaki.

Baƙon ya ce a ƙara masa fura. Tun ranar ba ta fita rijiya ba, yara ke ɗebo mata. Wadda ta yi dariyar ta zo ba da haƙuri, ba ta buɗe mata ba. Na yi nawa, ta yi nata wanda ya fi nawa nauyi. Saura naku.

Almu


Tambuwal, daren Maulidi ya kusa

Zuwa ga taubashina Malam Almu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Khadijat gaisuwa ta musamman. Jini ya sauka, alhamdu lillahi.

An wanke shi. Sun mayar da sunansa, jibi zai wuce Legas. Ya biyo ta nan ya yi mini sallama, ya so ya ƙaraso Kebbe na hana, don gargaɗinka na hanya ban yar da shi ba. Hoton shago ma na sauke. Zargin da na yi maka ka yafe, ko da yake rabinsa kai ka saya da kuɗinka. Wanda na yi wa Khadijat ba na takarda ba ne, da ƙafata zan zo in durƙusa.

Da suka kira shi ofis, sun kunna masa muryar don ya tabbatar ta uwarsa ce. Ya ce kai kawai ya ɗaga musu. Daga baya ya roƙi mutumin ya tura masa ita. Jiya da la'asar na same shi a bayan shago, waya a kunne, yana mayar da ita farko yana sake ji. Namiji mai gemu, wanda aka kashe wa inji bai girgiza ba, hawaye har cikin wuyan riga. Ya ce mini, “Gwaggo, kowa Aminu yake ce mini. Ashe ita duka take faɗinsa.”

Kada ka gaya mata gaban mutane. Ka bari sai tana ita kaɗai, ka tsaya daga bayan labule, ka ce na Tambuwal ya ji.

Taka,
Saudatu